Rabin da Abakar Bai Ji Ba

Kakarmu, Allah Ya jiƙanta, ba ta iya gajarta labari ba. Ina yarinya wannan ne ya fi yi mini daɗi a tare da ita. Yanzu da na girma akwai ranakun da idan na tuna sai takaici ya sa in ce a raina da ma tsohuwar nan ta riƙa sauri.

A Umbadda muka tashi, a wani gidan ƙasa mai faɗin tsakar gida, can wajen da Omdurman take ƙarewa rairayi ya fara. Mu muna ce mata Kaka, 'ya'yan maƙwabtanmu Larabawa suna ce mata Habboba, ita kuwa ko da wane harshe ka kira ta da Hausa za ta amsa maka, ka ji ko kada ka ji. Tana ƙarama ta baro ƙasar Haɗejiya tare da iyayenta da niyyar aikin hajji, a ƙafa da jakuna, suna tafe suna yada zango suna ƙwadago. Sun sauke farali, amma a hanyar komawa Sudan ta riƙe su, kamar yadda ta riƙe kakannin mafi yawan mutanen layinmu.

Da an idar da sallar magariba, musamman lokacin sanyi, sai ta jawo kanun, ɗan murhun gawayinta, zuwa bakin angarib ɗinta, gadon igiyar da ya lotsa daidai jikinta. Wutar lantarki a unguwarmu ba abin dogaro ba ce, don haka jan garwashin nan shi ne fitilarmu. Ta soya gahawarta, mu kuma ta zuba mana gyaɗa a kasko da rairayi. Mu zagaye ta, ni da ƙanena Abakar da 'ya'yan baffanmu guda biyu. Sai ta gyara mayafi ta ce, “Ga baƙuwa daga yamma, ƙafarta ta yi faso.” Mu kuma mu amsa, “Ta sauka, a ba ta ruwa.”

Daga nan fa sai haƙuri. Idan jaki ya shigo tatsuniya, sai ta faɗa mana na wane ne, da irin ƙin tafiyarsa, da yadda ya yi kama da wani jakin babanta da ya mutu a hanya. Idan an ce an dafa tuwo, sai mun ji da wace miya. Ni ina iya jira. Abakar kuwa da gyaɗa ta ƙare, kansa ya sauka a cinyarta, shi ke nan. In na kai hannu zan girgiza shi sai ta buge mini hannu ta ce, “Ke, bar mini angona ya huta. Gobe ma rana ce.” Goben kuma daga farko za ta sake ɗaukowa, shi ma ya sake yin barci a inda ya yi jiya.

Akwai wadda ta fi maimaita mana, ta garin makiyaya. Wai an yi wani gari mai ganuwa, doguwa har tsuntsu yana hutawa kafin ya tsallake. Tun zamanin kakanni kura ba ta taɓa shiga ba. Awaki suka yi yawa, karnukan garin suka yi ƙiba, aka haife su aka haifi 'ya'yansu a ciki, babu ko ɗaya da ya taɓa jin warin kura. To, akwai wata tsohuwa mai fita itace. Ita ta lura damina tana cin gindin ganuwa ta baya, ta kuma ga sawun kura yana zagaye wurin. Ta faɗa, aka ce tsufa ne. Rannan ta tarar da mushen kura a daji, ta yanko fatar, ta ɓoye a cikin zane ta shigo da ita gari. Ta riƙa bi gida-gida tana shafa wa karnuka a hanci.

Nan Kaka takan ajiye kofin gahawa ta yi mana kukan karnukan da bakinta. Gashin bayansu ya miƙe, suka ƙi abinci, suka yi ta haushi dare da rana, jarirai suka kasa barci, masu gida suka kasa. Gari ya ɗauka. Aka taru aka ce, “Wanda ya shigo da fatar kura gida, ai shi ya kira kura.” Waɗanda tsohuwa ba ta kai ga gidajensu ba suka rufe ƙofa. Waɗansu suka kama karnukansu suka wanke musu hanci da lemon tsami da toka, don su manta su yi shiru. Kaɗan ne suka ce a bar su, in sun gaji za su daina. Ita kuwa tsohuwa aka kore ta bayan gari da ita da fatarta.

Daidai nan Abakar yake fara munshari, kullum.

Sauran kuwa ga shi. Da ruwa ya yi ruwa, kusurwar ganuwa ta zube, kura ta shigo tana ɗingishi. A gidajen da karnuka ba su san warinta ba, da waɗanda aka wanke wa hanci, sai suka fito suna kaɗa mata wutsiya, sun ɗauka wani babban kare ne baƙo. Kafin su gane abin da ke gabansu ta gama da garke, wani gidan har da karen. Amma a gidajen da aka bar karnuka suka yi haushinsu suka gama, tun tana nesa iska ta kawo musu labari. Suka tashi gaba ɗaya, suka tayar da masu gida, kura ba ta ko kai bakin turke ba.

“Kun gani,” in ji Kaka, tana tona garwashi da tsinke, “fata ba ta da haƙori. A kanta suka koyi faɗa tun mai haƙorin ba ta zo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.”

Na taɓa tambayarta ko mutanen garin sun je sun ba tsohuwa haƙuri. Ta kalle ni ta ce, “Mutane ne fa, 'yar nan.” Sannan ta rufe yadda ta saba, “Baƙuwa ta sha ruwa, ta ɗaure kayanta, ta yi gabas.”

Sai da na ɗan tasa na san inda lemon tsamin nan ya fito. Wata rana ina yi mata tsifa na ga wani tabo a damtsenta, zagayayye mai ɗan rami. Ta ce lamba ce. A bakin iyakar Sudan ta yamma aka tare ayarinsu aka yi wa kowa, saboda agana. A lokacin ba allura ake yi ba, fata ake ɗan tsagawa a sa maganin. Hannu yakan kumbura, zazzaɓi ya biyo baya, su kuwa matafiya da hannun suke ɗaukar kaya, da shi suke ƙwadagon da zai kai su zango na gaba. Sai dabara ta zagaya cikin ayari cewa da ka wuce masu lamba ka yi maza ka goge wurin da lemon tsami da toka, sai maganin ya mutu. Uwar su Kaka lemo ɗaya gare ta. Ta matse shi duka a hannun yayar Kaka, Rakiya, don ita ce mai ɗaukar tulu. Kaka ta yi ta kuka an nuna mata bambanci, hannunta ya kumbura ya yi ruwa, na Rakiya ya warke sumul. Bayan wasu watanni agana ta shiga zangonsu. Kaka tana kwana tabarma ɗaya da yayarta, ko ƙurji ɗaya bai fito mata ba. Rakiya kuwa a hanya aka binne ta. Sau ɗaya tak ta ba ni wannan labari, kuma ranar ba ta tsaya kwatanta jakin kowa ba.

Na girma na zama malamar firamare, na karanta abin a littafi da sunayensa na ilimi, na ga babu abin da Kaka ta rage. Allurar rigakafi tana ɗauke ne da ƙwayar cutar da aka kashe, ko aka raunana, ko wani ɗan yanki nata da ba ya iya cutarwa. Idan ta shiga, masu tsaron da Allah Ya halitta a cikin jini sai su taso mata, su gane kamanninta, su haɗa makamin da ya dace da ita, su kuma ajiye waɗanda aikinsu tunawa ne kawai. Ɗan zazzaɓin da yaro yake yi da kumburin wurin, alamar sun tashi ke nan. Wata allurar sai an maimaita kafin tunawar ta zauna, kuma kowace cuta da tata, domin wanda ya san warin kura ba lallai ya san na damisa ba. Ranar da cutar gaske ta zo, jiki ba ya tsayawa tambayar wace ce wannan.

Abakar ya girma ya zama direban raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, a unguwar Hajj Yusuf, ya auri Ihsan, Allah Ya ba su 'ya mace, Nafisa. Ƙanena mutum ne mai taushin zuciya da saurin baki, kuma wannan haɗin ba ya haifar da ɗa mai ido. Bayan arba'in aka kai Nafisa cibiyar lafiya aka yi mata alluran rigakafi a cinya. Da yamma jikinta ya yi zafi, cinyar ta kumbura, ta yi ta tsala kuka ba ta karɓar nono. Abakar ya dawo daga aiki ya tarar da haka, ya ɗauke ta yana zagaye tsakar gida, idonsa ya kawo ruwa. A gaban maƙwabtan da suka shigo jin lafiya ya saki irin rantsuwar nan ta mazan Sudan, wadda wani ko a kan sai ka sha shayinsa yakan jefa maka ita. Ya ce in allura ta sake taɓa 'yar nan, uwarta ta saku. Kwana biyu Nafisa ta warware tana wasa da ƙafafunta, amma magana ta riga ta fita.

Da Ihsan ta kira ni ta faɗa mini, na tashi takanas. Duk wanda ya san nisan Umbadda da Hajj Yusuf ya san ba ziyarar wasa ba ce. Ka hau bas ka tsallaka kogi zuwa Khartum, ka sauka ka yi turereniya a tasha, ka sake hawa ka sake tsallaka ruwa, ka isa kanka yana sarawa. Na same shi yana goge rakshar a ƙofar gida.

Ya ce, “Yaya, lafiyarta ƙalau muka kai ta, aka dawo mini da ita kamar garwashi. Ke da kike kusa da Kaka, kin manta abin da take cewa? Wanda ya shigo da fatar kura gida, shi ya kira kura.”

Na tsaya ina kallonsa. Na ce, “Abakar, ba Kaka ce ta ce haka ba. Mutanen garin ne suka ce, kuma su aka cinye wa awaki.”

Ya ce, “Waɗanne awaki?”

Wallahi da gaske yake tambaya. Namiji da gemunsa da 'yarsa, duk rayuwarsa ya ɗauka tatsuniyar ta ƙare ne a inda aka kori muguwar tsohuwa gari ya zauna lafiya. A tsaye a bakin titi na ba shi sauran, na ba shi labarin Rakiya, na ba shi na littafi. Ya saurara yana murmushi, sannan ya ce, “Ku malaman makaranta ba ku rasa abin ƙarawa. Ni dai ban taɓa jin wannan a bakinta ba.”

“Ina za ka ji, kana zubar mata da miyau a cinya?”

Ya yi dariya ya ce in shiga ciki in sha ruwa. Shaida kuma babu. Kaka ta rasu, 'ya'yan baffanmu ɗaya yana ƙasar waje, ɗayar kuma da na kira ta ta ce ita gyaɗar kawai take tunawa.

A ciki Ihsan ta riƙe mini hannu. Ita tana so a ci gaba da allurar, don ƙannenta duk an yi musu babu abin da ya same su. Ta ce, “Yaya, in na kai ta, aurena fa?” Na yi tunanin in ɗauki yarinyar da sunan kwana a wurina in kai ta da kaina, amma rantsuwar ba ta ce in uwarta ta kai ta ba, cewa ta yi in allura ta taɓa ta. Ko ni na kai, gidan ƙanena zan rusa. Hanya ɗaya ta rage, ya je wurin malami ya faɗi abin da ya yi, a duba masa mafita. Ba abu ne mai wuya ba, masallacin yana bayan gidansu.

Na faɗa masa ranar, na sake faɗa da sallah, na faɗa a bikin suna, na faɗa a waya har ya fara ganin kirana yana ƙin ɗauka. Na lura daga baya ma ba allurar yake tsoro ba. 'Ya'yan abokansa direbobi duk ana yi musu yana gani. Abin da ya kasa shi ne ya zauna gaban malami, a unguwar da kowa ya ji rantsuwarsa, ya ce na yi magana cikin fushi a kan abin da ban sani ba. Kullum amsarsa, “Halas, ya isa, Yaya, za a duba.” Lokacin allurar ƙyanda ya zo ya wuce. Masu bi gida-gida da allurar rigakafi suka ƙwanƙwasa, Ihsan ta leƙo ta ce maigida ba ya nan. Ni kuma na gaji da hawa bas don in je in yi magana da bango, na koma yi masa addu'a, addu'ar ma rabinta mita ce.

Nafisa tana da shekara uku da wani abu ƙyanda ta shiga layinsu. Yaran da take wasan ƙasa da su, waɗanda aka yi wa allura, suka ci gaba da wasansu. Ita kuwa ta fara da mura da jan ido, sai zazzaɓi, sai ƙuraje daga bayan kunne har tafin ƙafa. Cutar ta sauka a ƙirji, numfashi ya gagara, kunnuwa suka fara zubar da ruwa. A rakshar ubanta aka kai ta asibiti. Da ma'aikaciyar jinya ta zo sa mata ruwa, yarinyar tana fizge-fizge, Abakar ne da kansa ya danne hannun aka soka allurar. Ina tsaye ina kallo, Ihsan ma tana kallo, dukanmu mun san allurar da ya rantse a kanta ta taɓa ta.

Washegari ya tafi wurin malamin da na yi shekaru ina roƙonsa ya je. Malam ya tambaye shi abin da ya nufa a lokacin da ya yi rantsuwar, rabuwa da matarsa ko hana allura. Ya faɗa. Malam ya yi masa faɗa a kan wasa da saki, ya ce ya yi kaffara, aurensa yana nan. Ihsan ta ce mini shayin da aka kawo musu bai ma huce ba aka gama maganar. Da na ji haka sai na fita bayan ɗakin marasa lafiya na zauna a kan dakali, don in na tsaya kusa da Abakar zan faɗi abin da zumunci ba zai ɗauka ba.

Allah Ya tashi kafaɗar Nafisa, mun gode Masa. Amma kunnen dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu kuma sai ka matso ka ɗaga murya.

Na sha zama ina juya abin. Na san ƙaddara, ba sai an tuna mini ba, kuma masu tuna mini sun fi kowa ba ni takaici, domin Wanda Ya ƙaddara cutar Shi Ya halicci jikin da yake iya koyo, Ya kuma sanar da mutane yadda za a koya masa. Da ina ɗauka darasin tatsuniyar Kaka a kan karnuka yake, wato a bar jiki ya yi ɗan wahalarsa yau don ya tsira gobe. Yanzu na fi ganin mutanen garin. Ba mugaye ba ne. Kukan da ke cikin gidansu suke ji, kurar kuwa ba su taɓa ganinta ba, sai suka yi maganin abin da ya hana su barci. Uwar Kaka don ƙauna ta matse lemon nan, Abakar ma don ƙauna ya rantse. Abin da har yau ban iya haɗiyewa ba shi ne, shi an faɗa masa, ba sau ɗaya ba, kuma masallacin yana bayan gidansa.

Bara Ihsan ta haifi namiji. Ba wanda ya tsaya shawara, Abakar da kansa ya ajiye aiki ya kai su cibiyar lafiya. Na je da yamma na tarar da jaririn jikinsa da ɗumi, yana ta kuka, uwar tana shafa masa tsumma mai sanyi a cinya. Nafisa, wadda yanzu ta shiga makaranta, tana tsaye a kansa ta ƙura wa bakina ido, don da ido take kama rabin magana. Ta tambaye ni me aka yi wa ƙanenta. Na sunkuya ta hagunta na ce allura ce, don kada ciwon da ya kama ta ya kama shi.

Ta kalli cinyar jaririn. Sannan da babbar muryar nan tata, wadda ba ta san tana da ƙarfi ba, ta ce, “Gwaggo, to ni me ya sa ba a yi mini ba?”

Ihsan ta sunkuyar da kai. Abakar yana tsaye a bakin ƙofa. Na daɗe ina amsa tambayoyi a madadinsa, wannan kam na ƙi. Na kama kafaɗunta na juya ta, na ce, “Tambayi babanki.”

Ya zo ya durƙusa a gabanta, ya kai bakinsa daidai kunnen da yake ji. Ya daɗe a haka, bai ce komai ba. Ita kuwa ta ɗauka yana magana ne ba ta ji, sai ta dafa kafaɗarsa ta ce, “Baba, ɗaga murya.”